Tsintar Burbushin Halittun Dauri a Gaɓar Teku da Yadda Ake Gane Su



Na san akwai wanda ya ga kan wannan lacca ya ce a ransa, ina ruwan mutumin da bai taɓa ganin teku ba da abin da ake tsinta a bakinta? Ina roƙon mai wannan tambaya ya yi mini haƙuri zuwa ƙarshe, domin a can amsarta take. Zan fara da bayanin abin da ake nufi da burbushin halitta. Sa'an nan mu tafi kudancin Ingila, inda talakawa marasa digiri suka yi shekara fiye da 200 suna wannan tsintuwa, mu ga yadda suke yi da yadda suke gane abin da suka samu. Daga nan sai mu komo gida.

Mene Ne Burbushin Halitta?

Abin da nake kira burbushin halitta shi ne duk wani saura ko alama da wata dabba ko tsiro na zamanin dauri ya bari a cikin dutse. Yana iya zama ƙashi, ko haƙori, ko katantanwa, ko ganye, ko sawun ƙafa, kai har ma da kashin da dabbar ta yi. Galibin abin da ya mutu ruɓewa yake yi, ko wani abu ya cinye shi. Wanda ke tsira shi ne wanda laka ta binne da wuri, musamman a ƙarƙashin ruwan da iska ba ta isa. Laka tana ta taruwa a bisansa, tana dannewa, har ta zama dutse. Ruwan da ke ratsa dutsen yana ɗauke da ma'adinai, su kuma suna cike ƙananan kafofin ƙashin, wani lokaci su maye gurbinsa ɗungum. Wani sa'i kuwa katantanwar narkewa take yi, ta bar gurbinta, laka ta cika gurbin ta ɗauki siffarta, kamar dai yadda maƙerin farfaru ke zuba narkakken ƙarfe a cikin mazubi.

Wannan sani ba jiya aka fara shi ba. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya lura cewa masu haƙar rijiya a hamadar Larabawa suna fasa duwatsu su tarar da katantanwa a ciki, ya kuma yanke cewa wurin teku ne a da. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Nicolas Steno, ya fede kan wani babban kifin shak, a 1667 ya nuna cewa duwatsun nan masu kama da harshe da ake tsinta a tsibirin Malta haƙoran irin wannan kifi ne. A 1669 ya kafa ƙa'idar da har yau ake aiki da ita, watau idan ba a birkita shimfiɗun dutse ba, na ƙasa ya girmi na sama. Bayansa sai William Smith, wani mai awon ƙasa da ke aikin haƙar magudanan jiragen ruwa a Ingila, ya gane cewa kowane shimfiɗi yana da irin nasa burbushin, ta yadda za a iya shaida shi ko a wace gunduma aka gamu da shi. Da wannan ne ya zana taswirar duwatsun Ingila da Wales a 1815.

Gaɓar Dorset

A kudancin Ingila akwai wata gaɓa mai tsawon mil 95, daga Exmouth a gundumar Devon zuwa Studland a gundumar Dorset. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren gadon duniya a 2001. Shimfiɗun duwatsunta sun ɗan karkata gabas, saboda haka mai tafiya daga yamma zuwa gabas yana barin tsoffin duwatsu yana shiga sababbi, har ya ratsa tarihin shekara miliyan 185. A tsakiyar wannan gaɓa akwai garin Lyme Regis da ƙauyen Charmouth. Bangon gaɓar da ke tsakaninsu baƙar laka ce da farar ƙasa, waɗanda suka kwanta a ƙarƙashin teku kimanin shekara miliyan 200 zuwa 190 da suka wuce.

Abin da ya sa wurin ya yi fice shi ne rashin ƙwarinsa. Ruwan sama yana ratsa yashin da ke sama, ya iske laka, ya jiƙa ta, sai gefen tudu ya zame ya zubo bakin teku. A watan Mayu na 2008 an yi wata zaftarewa a gabashin Lyme Regis wadda aka ce an yi shekara 100 ba a ga irinta a wurin ba. Teku kuwa sau biyu take cika ta janye a kowace rana. Tana wanke lakar da ta zubo, ta bar burbushin a fili. Amma tekun da ta tono shi ita ce kuma mai farfasa shi. Abin da ya bayyana yau, in ba a ɗauke shi ba, cikin 'yan kwanaki ya zama tsakuwa. Babu jami'ar da ke da ma'aikatan da za su tsare mil 95 dare da rana, rani da damina. Wannan shi ne dalilin da ya sa ilimin nan ya dogara ga masu tsintuwa na sa-kai, waɗanda ke zaune a wurin, suka san halinsa.

Mary Anning

Ba a maganar wannan gaɓa ba tare da an ambaci Mary Anning ba. An haife ta a Lyme Regis a 1799. Mahaifinta kafinta ne, yana kuma tsintar burbushi yana sayar wa baƙi don ya cike abin cefane. Ya rasu a 1810, ya bar iyalinsa da bashi, ita tana da shekara 11. A 1811 wanta Joseph ya tsinci wani ƙoƙon kai mai tsawon ƙafa 4, mai dogon baki cike da haƙora. Da farko an ɗauka kada ne. Bayan watanni, a 1812, Mary ta gano sauran jikin, wanda tsawonsa duka ya kai ƙafa 17. Mai gandun wurin ya saye shi a kan kimanin fam 23. Wannan dabba ita ce aka raɗa wa suna iktiyosor daga baya, watau ƙadangare mai siffar kifi.

A watan Disamba na 1823 ta samo cikakken kwarangwal na wata dabba dabam, mai ƙaramin kai, da filafilai huɗu, da wuya mai gaɓoɓi 35. Ku tuna raƙumin dawa ma, duk tsawon wuyansa, gaɓoɓi 7 gare shi. Da zanen ya isa birnin Faris, Georges Cuvier, wanda a lokacin babu kamarsa a ilimin ƙirar dabbobi, ya yi zargin haɗe-haɗe ne. Da a ce zargin ya tabbata, da sana'ar gidan ta mutu. Aka bincika, aka tarar gaskiya ne, Cuvier ya janye maganarsa. Amma sa'ad da William Conybeare ya gabatar da wannan filesiyosor a gaban Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan a watan Fabrairu na 1824, bai ambaci sunanta ba. Ita kuwa ko zauren ba ta da ikon shiga, domin ƙungiyar ba ta karɓar mata a wancan lokaci.

Ba ta tsaya nan ba. A 1828 ta samo ƙadangare mai fiffike, na farko da aka samu a wajen Jamus. Ita ce kuma ta lura cewa wasu dunƙulallun duwatsu da ake samu a cikin cikin iktiyosor suna ɗauke da ƙayar kifi da ɓawonsa idan aka fasa su, abin da ya kai William Buckland ga bayyana a 1829 cewa kashin dabbobin ne ya daskare. Tana fede kifayen zamaninta don ta kwatanta da na dauri, tana kwafe maƙalun masana da hannu har da zane-zanensu. A watan Oktoba na 1833 gaɓa ta rufto ta kashe karenta a gabanta, ita ta tsira da ƙyar. Ta rasu a 1847 tana da shekara 47. Sai a 2022 aka kafa mutum-mutuminta a garinsu.

Zuriyarta a wannan aiki ba ta yanke ba. Steve Etches mai aikin famfo ne, ya yi shekara fiye da 30 yana tsintuwa a Kimmeridge, har a 2016 aka buɗe gidan adana kayan tarihi domin abin da ya tara. A can ne yau ake nuna ƙoƙon kan wani ƙaton maharbin teku mai tsawon mita 2, wanda wani mai yawo a bakin teku ya fara tsintar ƙarshen bakinsa a 2022. Haka nan a 2020, a gaɓar Somerset, wata yarinya 'yar shekara 11 da mahaifinta suka tsinci gutsattsarin muƙamuƙi. A 2024 masana suka bayyana cewa na sabon jinsin iktiyosor ne, wanda suka ƙiyasta tsawonsa ya kai mita 25.

Yadda Ake Fita Tsintuwa

Abu na farko shi ne jadawalin cikar teku. Ana fita ne sa'ad da ruwa ya fara janyewa, a komo tun kafin ya dawo, domin a wurare da yawa ruwa yana kaiwa har gindin bango, ba inda mutum zai raɓe. Lokacin da ya fi albarka shi ne hunturu, bayan an yi hadari teku ta yi fushi. Na biyu, a nisanci bangon gaɓa. A watan Yuli na 2012, kusa da Burton Bradstock, dutse mai nauyin kimanin tan 400 ya rufto ya kashe wata budurwa da ke tafiya tare da danginta. Babu katantanwar da ta kai ran mutum.

Kayan aiki ba su da yawa: takalmi mai ƙwari, jaka, tsofaffin jaridu na naɗe abin da aka samu, littafin rubutu da fensir, da ƙaramin madubi mai ƙara girman abu. Mai son fasa dunƙulen dutse ya riƙe guduma da kurfi da tabarau na kare ido. Amma ƙwararru sukan ce ido ya fi guduma. Galibin abin kirki a kwance yake cikin tsakuwa, teku ta riga ta wanke shi. Sabon shiga yakan yi sauri, yana hangen nesa, yana neman babban abu. Tsohon hannu kuwa tafiyar hawainiya yake yi, kansa a sunkuye, yana neman siffa: abu mai naɗi, ko mai layuka a jere, ko mai tsini, a cikin duwatsun da ba su da tsari.

Yadda Ake Gane Abin da Aka Tsinta

A nan ne aikin yake, kuma a nan zan ɗan daɗe. Tambaya ta farko ita ce, shin wannan burbushi ne ma kuwa? Dutse ya iya yaudara. Ƙanƙarar dutse takan ɗauki siffar ƙashi ko haƙori. Wani baƙin ma'adini yakan bazu a fuskar dutse kamar rassan tsiro, alhali bai taɓa rayuwa ba. A Lyme Regis akwai wani ma'adini mai zare-zare da masu fasa dutse suka laƙaba wa sunan naman sa, wanda baƙi ke ɗauka itace ne ko ƙashi. Alamar halitta ita ce tsari mai maimaita kansa da daidaiton ɓangarori. Ƙashi na gaske, idan aka duba inda ya karye da madubi, za a ga kafofi kamar na soso.

Tambaya ta biyu, wane dangi ne? Ga waɗanda aka fi samu.

Na ɗaya amonayit. Katantanwa ce naɗaɗɗiya kamar gammo, mai haƙarƙari a jere. An samo sunanta daga Amon, abin bautar Misirawan dauri da ake zanawa da ƙahon rago. Mutanen Whitby a arewacin Ingila sun daɗe suna cewa macizai ne da wata waliyyiyarsu ta mayar dutse, har masu sayarwa sukan sassaƙa musu kai don ciniki ya yi kyau. Abin da ya raba ta da katantanwar dodon-koɗi shi ne, naɗinta a shimfiɗe yake, ba ya tashi sama ya yi tsini, kuma cikinta ɗaki-ɗaki ne. Dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe, sauran ɗakunan suna taimakonta ta yi sama ko ƙasa a cikin ruwa. Inda bangon kowane ɗaki ya haɗu da ɓawo akwai layi mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar zanen lalle. 'Yar'uwarta notilus, wadda har yau tana raye a tekun Indiya da Fasifik, layinta sassauƙa ne. Don a gane jinsi, sai a duba abu huɗu: ko naɗin waje ya rufe na ciki, ko haƙarƙarin miƙaƙƙu ne ko masu reshe, ko akwai ƙaya ko ƙulli a kansu, ko kuma akwai tudu siriri da ya bi gadon baya. Alal misali, Promicroceras na Charmouth ƙarami ne, bai fi kwabo ba, bayansa ba tudu. Asteroceras ya fi shi girma, yana kuma da tudun. Amfanin wannan ƙwaƙƙwafi shi ne, jinsunan amonayit ba su daɗe kafin wasu su maye gurbinsu, sun kuma bazu a tekunan duniya, saboda haka suka zama kamar hatimin kwanan wata a jikin dutse. Sun ƙare ƙaf kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce.

Na biyu belemnayit, mai siffar harsashi. Manoman Ingila sun ɗauka tsawa ce ke jefo shi, kamar yadda mu ma muke kiran gatarin dutse na mutanen da gatarin aradu. Alhali kuwa ƙashin ciki ne na wata dabbar ruwa mai hannuwa da yawa. In aka karya shi za a ga zare-zare sun fito daga tsakiya, da zobba kamar na kututture. Mary Anning ta samu wasu danginsa da jakar tawadarsu, har ƙawarta Elizabeth Philpot ta jiƙa busasshiyar tawadar ta yi zane da ita.

Na uku masu ɓawo biyu. Iri biyu ne da ake yawan rikitawa. A dangin makankari, ɓawon dama da na hagu galibi kamar tafin hannu biyu suke in an haɗa. A ɗaya dangin, mai suna birakiyofod, ɓawo ɗaya ya fi ɗaya girma, amma in ka raba kowanne a tsakiya, rabi da rabi daidai suke. Na huɗu masu tsarin biyar-biyar. In ka ga ƙaramin tauraro mai kusurwa biyar, gaɓa ce ta karan wata dabba mai kama da fure. In ka ga dunƙule mai layi biyar da suka fito daga tsakiya, bushiyar teku ce. Na biyar gaɓar ƙashin bayan iktiyosor, wadda take kewayayya, mai loɓawa a fuska biyu, kamar an haɗa ƙananan kasake biyu baya da baya. Ta filesiyosor ta fi kauri, fuskokinta kuma kusan a shafe suke.

Tambaya ta uku, wadda ta fi duka muhimmanci, a ina aka same shi? Burbushin da ba a san inda ya fito ba kamar wasiƙa ce da ba adireshi ba kwanan wata. Tun a wurin za a rubuta sunan wuri, da kwanan wata, da irin dutsen, da ko a kwance aka same shi ko a manne. A ɗauki hotonsa tare da ma'auni a gefe. In an koma gida a ba shi lamba, a rubuta lambar a littafi. Waɗanda suka zama ma'adinin nan mai ƙyalli kamar zinariya, a ajiye su inda ba laima, in ba haka ba sai su kumbura su zama gari. Bayan haka a kwatanta da littattafai, irin wanda Gidan Tarihin Halittu na Landan ya fara bugawa a 1962 a kan burbushin wannan zamani a Birtaniya. In abin ya gagara, a kai wa masana. Cewa ban sani ba ya fi laƙaba sunan ƙarya.

Akwai kuma ladabi. A yammacin Dorset masu filaye da masu tsintuwa da gidajen tarihi sun yi yarjejeniya tun ƙarshen shekarun 1990. An yarda kowa ya ɗauki abin da ya zubo, amma ba a haƙar bango sai da izini. Abin da ke da muhimmanci ga ilimi sai an rubuta shi a rajistar cibiyar Charmouth. In mai shi zai sayar, sai ya fara yi wa gidajen tarihin ƙasar tayi na wata 6. Ta haka mai tsintuwa bai yi asarar wahalarsa ba, ilimi kuma bai yi asarar abin ba.

Mu Komo Gida

Yanzu ga amsar tambayar farko. Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa 50 da suka wuce, wani reshen teku ya riƙa malalowa yana ratsa inda Sahara take a yau, har ya rufe sassan Mali da Nijar da arewacin Nijeriya. Ashe mu ma a tsohuwar gaɓar teku muke zaune. Farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita a Sakkwato cike take da katantanwa da bushiyar teku. A mahaƙar Ashaka ta jihar Gombe ana samun amonayit masu shekara fiye da miliyan 90. A yankin Goronyo an samo ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda aka fara bayaninsa a 1930, a 1972 kuma aka raɗa masa suna Goronyosaurus. A Gadufawa ta ƙasar Nijar, inda koguna suka taɓa gudana, Philippe Taquet ya fara aiki a 1965, a wurin da Buzaye suka daɗe da sanin ƙasusuwansa.

Abin da teku ke yi a Dorset, a nan zaizayar damina ke yin sa, da masu haƙar rijiya, da masu fasa dutse, da masu yanka hanya. Su ne ke fara gani. Saboda haka ina da roƙo uku. Ku ɗalibai, in kun je hutu ku duba kwazazzaban garinku da littafi a hannu, ku tambayi dattawa abin da suke kiran waɗannan duwatsu, ku rubuta. Ku ma'aikata, musamman na ayyuka da ruwa da ma'adinai, in lebura ya kawo muku baƙon dutse kada ku mayar da shi abin danne takarda a tebur. Ku rubuta inda aka same shi da zurfinsa, ku aika wa sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa ko gidan adana kayan tarihi. In ƙashi ne babba a manne, a bar shi a wurinsa a kira masana, domin yadda yake kwance shi ma bayani ne. Mu kuma malamai, in an kawo mana, mu amsa wasiƙa, mu gaya wa mai tsintuwa abin da ya samu, mu kuma sa sunansa a cikin abin da za mu rubuta. Kada mu maimaita abin da aka yi wa 'yar kafinta a Landan a 1824.